Fasfon maigida ba ya tsallakar da uwargida

Ofishina ɗaki biyu ne a saman bene a Agege, ni da yara biyu: ɗaya yana kan kwamfuta, ɗaya yana zirga-zirgar kai takardu da karɓowa. Tikitin jirgi da Umara su ne ke ciyar da mu. Amma akwai wani aiki da ba mu rubuta a allon ƙofa ba, kuma ba ya yankewa: magidanci ya auro 'yar wata ƙasa, yana son ya tsallaka da ita Kwatano ko Lome ko Akra, biki ko sarin kaya ko shan iska na 'yan kwanaki.

Kusan kullum da magana ɗaya suke farawa. "Malam, ai matata ce, kuma fasfona kore ne." Sai in ce, "Alhaji, fasfonka kai kaɗai yake ɗauka. Miƙo na Hajiya mu gani." Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba mu damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba tare da biza ba, ɗan ƙasa ta sani, ba ta san igiyar aure ba. Jami'in da ke zaune a Seme, iyakar Najeriya da Benin, launin fasfo yake dubawa da sunan ƙasar da ke bangonsa.

Idan matar 'yar Afirka ce, a ce Sudan ko Masar ko Chadi, Benin ba ta neman biza a wurinta, don ta buɗe ƙofa ga duk mai fasfon Afirka. Idan kuwa daga Pakistan take ko Indiya ko Labanan, sai mu cike mata biza ta intanet, wadda Benin ta fara bayarwa a 2018. Iri uku ce: kwana 30 shiga sau ɗaya, kwana 30 shiga da fita yadda ake so, sai ta kwana 90. Togo ma ta intanet ake nema kafin a tashi. Kamaru, wadda ba ta cikin ECOWAS, ta koma wannan tsarin tun 2023. Matan da aka auro daga Nijar kuwa, duk da ficewar ƙasarsu daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin su suna wucewa kamar da har sai ta sake magana.

Wanda zai tafi Akra ta mota shi nake daɗewa da shi. Iyaka uku zai ƙetare: Seme, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao tsakanin Togo da Ghana. Zuwa ke nan. Dawowa kuma zai sake ratsa Togo da Benin. Mutum ya ga bizar shiga sau ɗaya ta fi araha, ya ce ita za a yi, ya manta cewa a hanyar zuwa za a buga mata hatimi ta ƙare. Nakan ɗauko takarda in zana masa hanyar, in sa ɗigo a duk inda za a karɓi fasfo, in ce ya ƙirga da kansa. Wasu suna gama ƙirgawa sai su ce a yanka musu tikitin jirgi kawai.

Duk da haka, fitar ba ita ce ke hana ni barci ba. Dawowa Najeriya ce. Kafin in taɓa fom ɗin kowace ƙasa, shafin da nake fara buɗewa a fasfon Hajiya shi ne wanda ta shigo nan da shi. In tana da katin zama, wanda ake kira CERPAC, kuma bai mutu ba, to alhamdulillahi, ta fita ta dawo. In kuma bizar ziyara ce ta shiga sau ɗaya, ranar da ta taka Krake, ɓangaren Benin na iyakar Seme, ta zama baƙuwar da ba ta da izinin komawa ɗakinta. Ga shi tun watan Mayun 2025 an daina ba da biza a filin jirgi, sai ta intanet, kuma sai an jira amsa. An taɓa kirana da daddare daga wani masauki a Zongon Kwatano, miji a wannan halin, ga jaririya tana kuka ina jin ta a waya, ga sefar da ya canzo ta kusa ƙarewa. Ba ta hannunmu suka tafi ba, wani ne ya ba shi lambata. Abin da muka iya shi ne cike sabon fom, su kuma suka zauna jira.

Shi ya sa nake matsa wa mutanenmu su gyara zaman matansu tun babu tafiya a gabansu. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Mijin 'yar Najeriya bai samu wannan ba, kuma a ganina an rage wa 'yan'uwanmu mata haƙƙi a nan, don akwai su da yawa a Legas da ke auren baƙi. Galibi abin da ke tsayar da aikin shi ne shaidar aure. An ɗaura a masallaci, an yi walima, ba wanda ya tuna da takarda. Wasu sai sun je rajistar aure ta Ikoyi, wasu sai an fassara musu takardar da suka zo da ita daga Larabci.

Sauran kayan aikin ba su da yawa: fasfo mai aƙalla wata 6 a gaba, hoto, adireshin masauki, da katin rigakafin shawara, wanda direbobin tashar Mile 2 a Legas za su gaya maka ana yawan tambayarsa a hanya. Nakan buga bizar a takarda kwafi biyu, don waya tana mutuwa a cunkoson hanyar Badagry. Kuɗin hukuma nakan rubuta shi daban a rasit, ladan aikina daban. Wanda ya ce in nemo masa "hanya" a wuce da Hajiya a kan babur ta bayan shinge, nakan ce masa ba na yi, ya sauka ƙasa ya tambayi wani.