Kafin ku ƙona tsofaffin takardun ƙungiyarku

A ƙasar Norway, ƙungiyar wasanni ta unguwa ba filin ƙwallo kaɗai take da shi ba. Da yawansu suna da ɗan gidan katako a cikin daji, inda 'yan ƙungiya ke kwana idan sun fita gudu kan dusar ƙanƙara da hunturu, ko atisaye a lokacin zafi. Galibi ba gwamnati ce ta gina musu ba. Iyaye da kakanni ne suka ɗauko katako a kafaɗa, suka yi ta aikin gayya ranakun hutu har gini ya tashi.

Abin ya samo asali da daɗewa. A 1868 aka kafa ƙungiyar masu yawon tsaunuka ta ƙasar, wadda ake kira DNT, bisa jagorancin Thomas Heftye, kuma masaukinta na farko shi ne Krokan, kusa da inda ruwan Rjukan ke zubowa daga kan dutse. Masaukin Gjendebu da aka buɗe a 1871 yana nan yana karɓar baƙi har gobe. Yanzu DNT na da masaukai sama da 500, da yawansu ba mai gadi: ka buɗe da mabuɗin da 'yan ƙungiya ke riƙewa, ka ci daga abincin da aka ajiye, ka biya bisa amana. Ƙananan ƙungiyoyi ma suka gina nasu, har a dajin Nordmarka da ke arewacin Oslo.

Irin wannan ƙungiya na shiga ina ɗalibi, kuma a gidanta na daji na yi ɓarnar da nake so ku kauce wa, ƙannena.

Kusan kowane gida irin wannan yana da littafin baƙi. Duk wanda ya kwana zai rubuta sunansa da kwanan wata, ya faɗi yadda ya sami hanya, ko itace ya ƙare, ko rufi na yoyo. Wata rana ana gayyar share gidan, aka ba ni ɗakin ajiya. Na tarar da kwali cike da tsofaffin littattafai, danshi ya kumbura su, rubutun ciki kuma irin na mutanen da ne, ba na iya karantawa sosai. Ban tambayi kowa ba. Na haɗa su da tsofaffin jaridu na kai bakin murhu don hura wuta. Kafin wata dattijuwa ta lura ta riƙe hannuna, wasu sun riga sun zama toka. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tattara ragowar tana hawaye, domin har da rubutun mahaifinta a ciki.

Ban san girman asarar ba sai da ƙungiya ta tashi rubuta tarihin gidan. Jamus ta mamaye Norway daga 1940 zuwa 1945, kuma da masu mulkin mamaya suka nemi juya harkar wasanni yadda suke so, mafi yawan 'yan wasan ƙasar suka ƙaurace wa duk gasar da hukuma ta shirya har ƙarshen yaƙi. A ɓoye ake haɗuwa cikin daji a yi tsere, kuma wasu gidajen daji sun zama maɓoyar masu gwagwarmaya. Mutanen wancan zamani ba sa rubuta irin wannan a fili, amma ko jerin sunayen waɗanda suka kwana kafin yaƙi da bayansa ya isa ya nuna wa mai bincike ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Littattafan waɗancan shekarun suna cikin waɗanda na ƙona.

Kuskurena na biyu ya fi yi mini ciwo, don shi da sanina na yi. Akwai wani tsoho da ya yi dakon katakon ginin yana yaro. Ya sha ce mini in zo gida mu sha gahawa ya nuna mini hotuna. Ni kuma yau karatu, gobe aiki, ina ganin ai yana nan. Sai labarin rasuwarsa na ji. Hotunan sun zo hannunmu daga baya, amma babu suna ko ɗaya a bayansu, kuma babu sauran wanda ya san fuskokin.

Saboda haka idan akwai dattijo a ƙungiyarku, ku je wurinsa cikin makon nan da waya a hannu, ku nemi izininsa ku naɗi muryarsa. Kada ku ce masa "Baba, ba mu tarihi", don zai ba ku abin da kowa ya sani. Ku tambaye shi ƙananan abubuwa: wa ya sayo kwanon rufi, wa ya yi faɗa da wa a kan wurin da za a kafa gini, wa ke dafa wa masu gayya abinci. A wannan tambayar ta ƙarshe ne sunayen mata ke fitowa, waɗanda da wuya a same su a takardun shugabanni. Kowane hoto ku zauna tare da shi a rubuta sunaye a bayansa da fensir.

Sai maganar ƙasa. Ni na ɗauka tunda mu muka gina, filin namu ne. Ashe haya ce, domin babban kaso na dajin Nordmarka mallakar masu zaman kansu ne, kuma gidaje da yawa a can kan ƙasar haya suke tsaye. Ku ma da kuke Kano ko Damagaram, filin da kuke buga ƙwallo ko dandalin da ake dambe da kokawa, wa ya ba da shi? Mai unguwa ne, ko wani attajiri, ko makaranta? Da baki aka yi ko da takarda? Ku bincika tun masu shaida suna raye, don ranar da magada suka zo da mai awo, "ai mun daɗe a nan" ba za ta tsayar da su ba.

Duk abin da kuka tattara, kada ku bar shi a wayar mutum ɗaya ko a zauren WhatsApp. Ku ɗauki hoton kowane shafi, ku buga a takarda, ku raba wa mutum biyu ko uku su ajiye nesa da danshi da gara. Wanda ke kusa da Kaduna ya leƙa Gidan Arewa, na Kano kuma ya je Gidan Makama, ya tambayi ma'aikatan yadda ake adana tsohuwar takarda kafin ya sa mata gam ko salatif.