Yadda Raha Ta Tallata Kwaroron Roba a Tailan

A ganina, tsoratar da mutane da cutar ƙanjamau ba ya wadatarwa, domin wanda yake ganin kwaroron roba yana rage masa jin daɗi zai ajiye shi da zarar tsoron ya gushe. A ƙasar Tailan, wani ɗan fafutuka mai suna Mechai Viravaidya ya bi wata hanya dabam tun daga 1974, da farko domin tsara iyali, inda ya riƙa raba robar cikin raha, yana shirya gasar hura ta kamar balan-balan, har ya buɗe gidan abinci mai suna Cabbages and Condoms (wato Kabeji da Kwaroron Roba) a Bankok. Da kunyar maganar robar ta ragu, shirin gwamnati na 1991 na yaƙi da cutar ƙanjamau ya samu karɓuwa, kuma yawan masu kamuwa da cutar ya ragu ƙwarai cikin shekaru goma.