Keke a dajin Harriman da guntun titin da taswira ba ta nuna ba

Guntun titin bai kai mil ɗaya ba, amma har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Yana ƙarshen arewa na hanyar da ake kira Seven Lakes Drive, wadda ta ratsa dajin Harriman a jihar Niyok ta Amurka, tsakanin shataletalen Long Mountain da mashigar Bear Mountain. A taswirar waya layi ne ɗaya miƙaƙƙe, suna ɗaya, launi ɗaya, tun daga garin Sloatsburg har bakin kogin Hudson, kimanin mil 18. A ƙasa kuwa, hanyar dajin tana ƙarewa ne ta zuba ka cikin babban titin Palisades Interstate Parkway, wanda aka gina don motoci, kuma a daidai wurin ya haɗe da titi mai lamba 6. Kai da kekenka da hular kwanonka, a tsakiyar masu gudun babbar hanya.

Duk ɗan'uwan da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok yana hawa keken titi ya san titin 9W kamar tafin hannunsa: a tsallaka gadar George Washington, a miƙa Nyack, a sha shayi, a juyo. Ni ma a kanta na gaji, shi ya sa na ɗauki jirgin ƙasa na layin Port Jervis na sauka a Sloatsburg da sassafe, cikin watan Oktoba, da niyyar in ratsa gandun dajin Harriman daga kudu zuwa arewa, in hau dutsen Bear Mountain, in tsallaka gada in kama jirgin komawa gida daga ɗaya gefen kogin.

Gaskiya dajin ya cancanci duk yabon da ake masa. Shi ne na biyu a girma cikin gandayen dajin jihar Niyok, fiye da eka 47,000, da tafkuna da madatsun ruwa 31. Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne saura kaɗan wurin ya zama gidan yari. Jihar ta fara shirin mayar da kurkukun Sing Sing zuwa gindin Bear Mountain, sai a 1910 Mary Harriman, matar attajirin jiragen ƙasa da ya rasu a 1909, ta ba da kyautar eka 10,000 da dala miliyan ɗaya, da sharaɗin a fasa ginin. Yawancin tafkunan ma ba haka aka same su ba, datse rafuka da fadamu aka yi. In ka lura a bakin kowanne za ka ga bangon da ya riƙe ruwan.

Daga Sloatsburg hawa ne a hankali, irin wanda ba ya ƙona cinya, kwalta kuma lafiya lau. Tafkin Sebago ne na farko, mafi girma a cikin tafkunan hanyar, sai Kanawauke da shataletalensa. A gaba kaɗan hanya ta ratsa tsakanin Skannatati da Askoti, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kusa ƙwarai har kana jin sanyin ruwan a ƙaurinka. A nan na tsaya. Hazo bai gama tashi daga kan Askoti ba, ganyayen bishiyoyi sun yi ja da ɗorawa sun zubo sun rufe bakin ruwan, wata barewa tana tsaye a gefen kwalta tana kallona, ko gezau. Na ci dabino uku a kan wani falalen dutse, ban ji ƙarar komai ba sai ta tsuntsaye da sarƙar wani mai keke da ya wuce ya ɗaga mini hannu. A Tiorati na cika gora, na yi alwala, na yi walaha a kan ciyawa. Har zuwa nan babu abin da zan ce sai alhamdulillahi.

Daga shataletalen Tiorati ne tarkon yake farawa, domin gangara ce mai daɗi. Ka wuce Nawahunta, ka wuce Silver Mine inda a da ake wasan zamiya a kan ƙanƙara, keke na tafiya da kansa, iska na kaɗa riga, ba ka ko taɓa feda. Duk tsayin da ka tara tun safe a nan kake zubar da shi cikin 'yan mintuna. Sai da na iso shataletalen Long Mountain na ga motoci suna kwararowa daga titi mai lamba 6, na ga allon Bear Mountain yana nuna hanyar da ke gangarawa cikin babban titin, sannan na gane inda layin nan na waya ya kawo ni. Komawa baya yana nufin hawa duk gangarar da na sauko. Sabis ɗin waya kuma ya yi rauni, taswira ta ƙi buɗe wata hanyar.

Na shiga. Ba zan taɓa mantawa da iskar motar farko da ta wuce ni ba, sai da kan keken ya girgiza a hannuna. Direbobin ba su zaci ganin keke a wurin ba, kowa idonsa na kan allo yana neman hannunsa, wasu suna sauya layi a daidai inda ni ma dole in tsallaka don in kai mafitar. Na tsaya a gefe, ƙafa ɗaya a ƙasa, ina waiwaye ina jiran rata. Gefen cike yake da tsakuwa da ɓaraguzan gilashi. Da ratar ta samu na taka da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, bakina na ta hasbunallahu, wani ya danna mini hon mai tsawo har cikin ƙirjina. Da na fita na koma cikin bishiyoyi sai na sauka daga keken na zauna a ƙasa, gwiwoyina suna rawa, tayar baya kuma tana sacewa. Gilashi ya huda ta. Na sa sabon tub da hannun da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Na hau Perkins Memorial Drive duk da haka, hanyar da masu aikin gwamnati suka fasa zuwa ƙolin dutsen Bear Mountain a shekarun 1930. Daga sama ana ganin kogin Hudson a shimfiɗe da gadar da aka buɗe a 1924, in sama ta washe har dogayen gine-ginen Manhattan ake hangowa. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Ni hankalina yana can ƙasa.

Da na dawo na ba wani dattijo ɗan zangon Kumasi labari bayan sallar magariba, mutumin da ya daɗe yana tuƙin tasi kuma ya riga mu duka fara hawa keke a garin nan. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai da ka tambaya. Wurin nan ko a mota sai na riƙe sitiyari da hannu biyu." Na ce, "Baba, to ta ina kuke bi?" Shi ne ya zana mini a bayan takarda, kuma ita nake bi tun daga lokacin. A je har Tiorati, a huta, a juyo zuwa shataletalen Kanawauke, a kama hanya mai lamba 106 ta gabas, a wuce tafkin Welch, a gangara Gate Hill zuwa Stony Point, sannan a bi 9W arewa zuwa Bear Mountain. Ta fi nisa, akwai hawa mai wuya a kafaɗar dutsen Dunderberg, kuma 9W ma ba ta rasa motoci. Amma titi ne da direbobi suka saba ganin masu keke a kai, ba kuma wanda zai tilasta maka tsallaka layi a gaban mai gudu. Wanda ba shi da muradin Bear Mountain ma ya huta: daga Tiorati ya hau hanyar Arden Valley ta yamma ya sauka wajen titi mai lamba 17, ko ya zagaya ta hanyar Tiorati Brook, ya yini a cikin dajin bai ga babban titi ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne in an kwatanta. Babu shago a kan hanyar tafkunan, sai ka taho da guzurinka, kuma famfunan ruwa da banɗakuna na lokacin zafi ne, da sanyi ya shigo ake rufe yawancinsu, haka ma Perkins da wasu ƙananan hanyoyin. Kada ganin ruwa ko'ina ya ruɗe ka, na tafki ba na sha ba ne. Ranar Asabar da Lahadi in rana ta ɗaga, masu manyan babura da motocin tsere suna cika kwanonin, don haka a fita da wuri. In ka zauna a ciyawa ka duba ƙafafunka saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme. A sauke taswira cikin waya tun daga gida, a kuma buɗe hoton tauraron ɗan'adam a bi hanyar da ido daga farko har ƙarshe, musamman duk inda layi ya taɓa titi mai hannu biyu.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake ta tura wa juna wannan hanya a rukunonin masu keke da sunan hanya mai sauƙi ta sabon shiga, ba tare da ko kalma ɗaya kan abin da ke jira bayan Silver Mine ba. Makon jiya wani ƙanenmu ɗan Damagaram da bai daɗe da sayen keke ba ya turo mini ita yana murna, wai zai je da abokinsa. Na kira shi nan take, na ce ya tsaya a Tiorati ya juyo, ranar da za su bi 106 kuma ni zan shige musu gaba.