Talata: tarhon sashen kuɗi da kyamarar sito

Ban ko ajiye jaka ba Hajiya ta sashen kuɗi ta tare ni a ƙofa. "Injiniya, tarhon nan ya sake mutuwa, kuma duk sa'adda ya mutu sai ya tafi da intanet ɗin kwamfutata." Kwana uku ke nan ana wannan abu. Jiya tana tsakiyar magana da banki allon tarhon ya yi baƙi, ya dawo yana nuna tambarinsa kamar yanzu aka kunna shi.

Ɗaukewar intanet ɗin ba ta ba ni mamaki ba. Tarhon nata ta intanet yake aiki. Ramin intanet ɗaya ne a bangon teburinta, kebul ya fito daga nan ya shiga tarho, wani kuma ya fito daga bayan tarhon, ta ramin da aka rubuta PC, ya shiga kwamfuta. Idan tarho ya suma dole kwamfuta ta bi shi. Abin da ya dame ni shi ne me ke kashe shi tun farko.

Na fara zargin kwamfutar, na cire ta. Ya sake mutuwa. Na canza kebul, na duba ko wata na'ura ta ɗauki adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a kan layi, iri ɗaya da nasa, babu. Na zagaya ofis ina leƙa ƙarƙashin tebura, don na taɓa ganin inda mai shara ya soka kebul ɗin ramukan tarho biyu duk a bango, saƙonni suka riƙa zagaye har layin kowa ya toshe. Nan ma lafiya.

Bayan sallar Azahar na tono wata tsohuwar adafta a durowa, na haɗa wa tarhon Hajiya wuta kai tsaye daga soket. Awa biyu bai motsa ba, amma na teburin kusa da ita ya mutu sau biyu. A nan na gane maganar ta wuta ce. Tarhunanmu ba su da caja, ta cikin kebul ɗin intanet suwic, wato na'urar da ke rarraba intanet zuwa tebura, ke ba su wuta, abin da ake kira PoE. A ƙa'idar PoE mai suna 802.3af kowane rami yana iya bayar da wat 15.4, abin da ke isa ga na'ura bai wuce 12.95 ba. Sai dai suwic ɗin kansa yana da jimlar da ba ya iya wucewa, namu mai rami 8 wat 60 ne kacal.

Na shiga shafin suwic ɗin, na ga rajistar da yake rubuta abin da ya faru cike da layi ɗaya: an katse wuta a rami na 7, an katse a rami na 8. Na je akwatin da suwic ɗin yake ciki na buɗe, sai ga sababbin kebul biyu shuɗaye a rami na 1 da na 2. Ashe wanda ya sa kyamarorin tsaro makon jiya ne ya ture tarhunan sashen kuɗi zuwa ƙarshe. Suwic ɗin nan kuwa idan nauyi ya yi masa yawa, daga ramukan ƙarshe yake fara yankewa. Raina ya ɓaci, don da an tambaye ni, minti biyar ya ishe ni lissafi.

Saura tambaya ɗaya, me ya sa abin ke zuwa jifa-jifa? Ina tsaye sai mai sito ya fito, ya kashe fitila, ya ja ƙofa. Kafin ya kai teburinsa tarho ya mutu. Na ce, "Malam, don Allah koma ka kunna." Ya kunna, komai ya daidaita. Ya sake kashewa, tarho ya sake tafiya. Sito ba shi da taga, da duhu ya shiga kyamarar ke kunna fitilunta na ganin dare, ta ja ƙarin wuta, lissafi ya haura 60.

Na ɗaga darajar ramukan tarho a saitin suwic don kada ya fara yanke musu wuta, na mayar da kyamarar sito kan adaftarta. Har aka tashi babu wanda ya mutu. Na rubuta wa oga buƙatar suwic daban na kyamarori. Gobe in Allah ya kai mu zan liƙa wa kowane kebul takardar suna, in kuma sayo kwaɗo na akwatin nan.