Ɗaga bayan tsohuwar Volkswagen ko Porsche: a auna kafin a kwance

Duk mai tsohuwar Volkswagen Beetle, ko Karmann Ghia, ko Porsche 356 da 911 na da, in yana bin hanyoyin burji irin na ƙauyukan Ringim, Gumel ko Dambatta, ƙorafinsa ɗaya ne: bayan mota ya zauna, salansa na gogar ƙasa, ƙasan inji na cin tudun da manyan motoci suka bari a tsakiyar hanya bayan damina. Injin waɗannan motoci a baya yake, don haka duk santimita ɗaya da aka rasa a can, inji ne ke biyan kuɗinsa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne babu naɗaɗɗen sifirin a bayansu. Sandar ƙarfe ce kwance cikin bututu, ɗaya dama ɗaya hagu, ita ke murɗawa ta ɗauki nauyi. Beetle ɗin da aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975 haka take, 911 ma haka ta zauna har 1989. Kowace sanda tana da haƙora a bakinta biyu: a yawancin waɗannan motoci 40 a ciki, 44 a waje, inda wani faffaɗan ƙarfe, filet, yake kamawa ya miƙa zuwa aksul. Sabon shokozoba na mai ba ya ɗaga mota, aikinsa hana tsalle ne kawai. Kada a sa ka kashe kuɗi a nan da sunan maganin zama.

Kafin a taɓa sufana, a daidaita iskar tayoyi, a sauke kaya, a samu daɓen siminti mai daidai, ko da na gidan mai ne. Awo a kan rairayi ɓata lokaci ne. A auna da tef daga ƙasa zuwa tsakiyar murfin sandar, dama da hagu, a rubuta. Bakin bodi ba abin dogaro ba ne, motar da ta shekara arba'in ta sha hannun masu bugun ƙarfe. Sannan a duba robobin da ke riƙe filet. Sau da yawa su ne suka mutu, zafin rana ya busar da su, filet ya kwanta yana gogar murfi. In haka ne, canjin roba kaɗai na iya dawo da wani abu daga tsayin.

Lissafin haƙoran nan shi ne zuciyar aikin. Haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne. Na waje digiri 8 da minti 10 (minti 60 ne digiri ɗaya). Wanda ya zare filet ya matsar da shi haƙori guda a waje ya ɗaga bayan mota da kusan santimita 6 a tashi ɗaya, kuma wannan ya yi yawa ƙwarai. Dabarar ita ce a haɗa biyun: a juya sandar haƙori ɗaya a ciki ta yadda filet zai sunkuya ƙasa, sannan a mayar da filet haƙori ɗaya sama a waje. Abin da ya rage minti 50 ne, wato kusan milimita 6 a taya. Uku a ciki, uku a waje, ka samu kusan santimita 2. A ganina wannan ya ishi yawancin hanyoyinmu.

Dalilin da ya sa nake hana wuce gona da iri shi ne tsarin aksul. A Beetle da 356 masu aksul mai lilo, wato wanda ke lilo sama da ƙasa daga jikin giya, in baya ya ɗagu da yawa, ƙasan tayoyin sai ya shige ciki, samansu ya buɗe. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba. Ranar da ka sha kwana da gudu, ko ka kauce wa akuya, tayar waje na iya lanƙwashewa ƙarƙashin mota, baya ya juyo gaba. Sauke ta da yawa ma da nasa sharrin: taya na cinyewa ta ciki, kuma man giya da ke gangarowa ta bututun aksul zuwa boris ɗin taya ya daina kaiwa, boris ya ƙone.

Ga yadda aikin yake. A tokare tayoyin gaba, a ɗaga baya a ɗora kan ƙafafun ƙarfe, ba bulo ba, bulo na farfashewa ba sallama. A cire taya da notin ƙasa na shokozoba. Kafin a kwance notukan da suka haɗa aksul da filet, a sa cizal a yi zane ɗaya da ya ratsa su biyun, domin ramukan dogaye ne kuma da su ake saita fuskar taya. A ja aksul baya a ɗaure, ana lura da tiyon birki da wayar birkin hannu kada su miƙe.

Nan ne wurin haɗari. Filet yana zaune a kan wani ɗan tudu da ƙarfin sandar a bayansa, kamar tarkon da aka ɗana. A sa jak a ƙarƙashin bakinsa, a ɗaure jak ɗin da sarƙa a jikin shasi don kada ya ɗaga motar gaba ɗaya, a kwance notuka huɗu na murfi, a ɗaga filet kaɗan, a ɓamɓaro shi daga tudun da ƙarfen taya, sannan a sauke jak sannu a hankali. Kada yaron gareji ya sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashi.

Da filet ya saki, kafin a zare komai, a auna kusurwarsa. Manhajar auna digiri ta waya ta isa: a ɗora wayar a dokin ƙofa a ga yadda motar ta karkata, sannan a ɗora a kan filet, a cire wancan daga wannan. Wannan lamba ita ce madogararka, saboda sau da yawa sandar kan biyo filet ta fita daga haƙoran ciki, duk alamar alli da aka yi ta tashi a banza. Da lambar a hannu, sai a yi ta juyawa har a samu tsohuwar kusurwa da ƙarin digiri biyu da rabi, wato abin da uku a ciki, uku a waje ke bayarwa, kuma dama da hagu su zo daidai.

Sandunan suna da alamar L da R a bakinsu, ba a musanya su, kowace ta saba murɗawa ta fuska ɗaya. Kada a kama su da filaya ko a karce fentinsu, daga karce tsatsa ke shiga, daga nan sanda ke karyewa. Giris a haƙora, hodar jiki a robobi, ban da baƙin mai, yana cinye roba. In murfi ya ƙi zama saboda sabuwar roba, a nemi dogayen notuka biyu a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano a jawo shi da su, sannan a mayar da na asali.

Mai 911 daga ƙirar 1977 ya samu sauƙi, filet ɗinsa biyu ne a haɗe da noti mai juyawa da ke ba da ɗan gyara ba tare da zare sanda ba.

Bayan an haɗa, a yi tafiyar kilomita kaɗan motar ta zauna, a koma kan daɓen nan a sake awo. In bambancin dama da hagu ya wuce rabin santimita, a sake buɗe ɓangaren da ya kauce. Daga nan a kai ta saitin taya, a kuma gyara fitilun gaba, domin ɗaga baya yana sunkuyar da haskensu ƙasa.