Ƙarfen da ban zuba ba

Wata uku na yi ina jin na gano abin da ba wanda ya gano. Binciken digirina na biyu kan raba ruwa da lantarki ne: haidurojin ya fito ta gefe ɗaya, oksijin ta ɗayan. A lissafi bolt 1.23 ya isa, amma a ɗakin gwaji sai an ƙara. Gefen oksijin ne mai jan ƙafa, domin sai elektron huɗu sun fita kafin ƙwayar oksijin ɗaya ta haɗu. Aikin katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, shi ne rage wannan ƙarin. A ruwa mai asid ma'adinin iridiyum ne gwanin katalis, sai dai abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, galibi daga Afirka ta Kudu. Ni nikel na kama, mai sauƙin kuɗi, cikin ruwan potasiyum haidiroksaid, wato ruwan potas.

Kullum aka kwana, nikel ɗina sai ƙara kuzari yake. Na ɗauka yadda nake haɗa shi ne sirrin, har na fara raɗa wa muƙala suna a zuci.

Malamina ya dubi sakamakon, bai ce madalla ba. Ya ce, "Kai, ka tsabtace ruwan potas ɗin nan?"

Na ce, "Malam, ai sabo ne fil daga kwalba."

"To je ka karanta Corrigan."

Ashe tun 1987 Dennis Corrigan ya nuna cewa ɗan ɓurɓushin baƙin ƙarfe da ke cikin ruwan yana shiga jikin nikel ya hanzarta fitar oksijin. A 2014 ɗakin gwajin Shannon Boettcher a Jami'ar Oregon ya cire ƙarfen gaba ɗaya, sai ga nikel tsura rago ne. Ƙarfen da ban zuba ba shi ke yi mini aiki, ni kuma ina karɓar yabo.

Na tsabtace ruwan yadda suka yi: na zuba garin nikel haidiroksaid ya tsotse ƙarfen, na koma mazubin roba, don potas na cin gilashi. Kuzarin nan ya zube a gabana. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Babi na uku sai da na sake rubuta shi daga farko. Yanzu da gangan nake zuba ƙarfen, da awo, kuma shafin farko na littafin gwajina ba sakamako a ciki, sai lambar kwalbar potas da ranar da na tsabtace shi.