Kwana Uku a Bakin Kogin Viyosa

Da hantsi na bar Tirana, babban birnin Albaniya, cikin irin ƙaramar bas ɗin nan da mutanen ƙasar ke kira furgon, muka nausa kudu zuwa garin Tepelena. Watan Oktoba ne, sanyi ya fara kunno kai. Abin da ya ɗauko ni daga gida shi ne in ga Viyosa da idona, kogin da ke tasowa daga duwatsun Pindus na ƙasar Girka, ya yi tafiyar kimanin kilomita 270 kafin ya faɗa teku, kuma a duk tsawon da ya ratsa cikin Albaniya babu wata madatsa da ta tare masa hanya. Irinsa sun yi ƙaranci ƙwarai a Turai.

Daga kan ganuwar tsohon gidan sarautar Ali Pasha, wanda ya mulki yankin a zamanin daular Usmaniyya, na fara hango shi sosai. Kogin bai bi kwari ɗaya ba. Ya rarrabu gida-gida kamar kitso, rassan suna haɗuwa suna rabuwa a kan wani makeken fili na farar tsakuwa, ruwan kuwa shuɗi ne mai ratsin kore. Na gangara, na tuɓe takalmi, na tsoma ƙafa, sanyin ya ratsa ni har ƙashi, ina jin ƙananan duwatsu suna gogar idon sawuna suna wucewa. Wannan tsakuwa da ambaliyar kowace shekara ke kwasowa daga tsaunuka ita ce rayuwar kogin, domin a cikinta kifaye ke zuba ƙwai, a kan tsibiranta tsuntsaye ke sheƙa, kuma ita ce abu na farko da madatsa ke riƙewa a bayanta. A garin Tepelena ne, ranar 15 ga Maris 2023, gwamnatin Firaminista Edi Rama ta ayyana kogin da wasu rassansa, irin su Drino da Shushitsa, a matsayin gandun ƙasa da doka ta kare.

Washegari na ɗauki shatar mota zuwa Kalivac, inda aka so gina babbar madatsa. Tun 1997 aka ba wani kamfanin Italiya izinin aikin, aka fara, aka watsar, daga baya aka miƙa wa wasu, har zuwa 2020 da hukumomin muhalli suka ƙi amincewa da shi. Har yanzu ana ganin tabon: an sassare duwatsun da ke gefe biyu na kogin hawa-hawa kamar matakala, babu ciyawa babu itace, ruwa kuma yana bi ta tsakiya abinsa.

Ƙauyen Kuta, da ke gaba kaɗan, ya fi tsaya mini a rai. Gonakinsu suna shimfiɗe ne a fadamar bakin kogi, kuma da an gina wata madatsar da aka shirya a Pocem da ruwa ya shanye su. Mutanen ƙauyen 38 suka haɗa kai da ƙungiyoyin kare muhalli na EcoAlbania da Riverwatch da EuroNatur suka kai ƙara, a 2017 kuma kotu a Tirana ta soke izinin ginin. Na zauna a wani shagon kofi tare da dattawa, ba na jin yarensu ba sa jin nawa, amma ɗaya daga cikinsu ya kama hannuna ya fito da ni waje, ya nuna mini gonarsa, sannan ya ɗaga tafinsa sama da kansa, wato inda ruwa zai kai.

Ba zan ce masu son madatsa ba su da hujja ba. Mafi yawan wutar lantarkin da Albaniya ke samarwa daga ruwa take, kuma wanda ya taso cikin ɗauke wuta ba ya raina maganar lantarki. Sai dai ni na san abin da ya sami fadamun Haɗeja da Nguru bayan an datse ruwa a Tiga a 1974, yadda ambaliya ta ragu, kacala ta toshe magudanai, masunta da manoman shinkafa suka ji a jikinsu. Wannan asara ba a cika sa ta a lissafin injiniyoyi ba. Kuma takardar gandun ma ba ta kashe rigima ba, domin an shiga wata takaddamar kan janye ruwan Shushitsa zuwa garuruwan yawon buɗe ido na gaɓar teku.

Rana ta uku na bi kwarin Drino ina neman farar ungulun nan da ke hayayyafa a duwatsun yankin, wadda 'yan kaɗan suka rage. Na wuni ina ɗaga kai, ban ga ko ɗaya ba. Ashe tun watan Satumba suke tashi, su ƙetare Sahara su yi hunturu a wajajen Chadi da Nijar da arewacin Najeriya. Mun yi saɓani a hanya ke nan, ina tahowa garinsu, su kuma sun tafi namu.